Tarken Fassarar Kalmar "Neutral" da "Ba-Ruwanmu" a Hausar Rediyo da ta Yau da Kullum

4.2.1 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin da Hausa take bi wajen karɓar baƙin kalmomi, wato aro da kwaskwarima da fassara da kuma ƙirƙira. A wannan sashe kuwa za a ɗauki kalma ɗaya tak ta Ingilishi, wato *neutral*, a bi diddiginta, sannan a auna fassarar da ta fi shahara a bakin ma'aikatan rediyo da 'yan jarida, wato "ba-ruwanmu" ko "ɗan ba-ruwana". Dalilin zaɓen wannan kalma shi ne, tana cikin kalmomin da suke shiga fannoni da yawa da riga ɗaya, amma ma'anarsu ta sha bamban daga wannan fanni zuwa wancan. Ana jin ta a nahawu da siyasa da shari'a da kimiyya, ana kuma jin ta a bakin direba da mai gyaran wuta. Abin da ake son nunawa shi ne, fassarar "ba-ruwanmu" ta dace da wuri ɗaya ko biyu kawai, a sauran wurare kuwa tana karkatar da ma'ana, wani lokaci ma tana iya jawo ɓarna.

4.2.2 Asalin Kalmar da Matsayinta a Nahawu

Kalmar ba ta Ingilishi ba ce tun asali, daga Latin aka samo ta. A Latin akwai kalmar *neuter*, wadda haɗi ce na *ne*, mai nuna korewa, da *uter*, mai nufin "wanne daga cikin biyu". Ke nan ainihin ma'anarta shi ne "ba wannan ba, ba kuma wancan ba". Daga nan aka sami siffar *neutralis*, wadda Ingilishi ya karɓa wajen ƙarni na 15. Abin lura a nan shi ne, tun daga tushe kalmar tana buƙatar abubuwa biyu masu fuskantar juna kafin ta yi ma'ana. Ba ta ɗauke da ma'anar rashin kulawa ko kau da kai. Matsayi kawai take nunawa dangane da ɓangarori biyu.

Masu nahawun Latin sun yi amfani da ita wajen sunan jinsi na uku, domin sunayen Latin sun kasu ne zuwa namiji da tamace da kuma wanda ba ya cikin ko ɗaya. Haka abin yake a Jamusanci har yanzu. Hausa kuwa jinsi biyu gare ta, kuma kowane suna tilo sai ya faɗa cikin ɗaya, ko da abu ne marar rai: gida ne, riga ce, ruwa ne, wuta ce. Wasu ɗalibai sukan ɗauki jam'i a matsayin jinsi na uku saboda "su" da "ku" ba sa bambanta maza da mata. Wannan kuskure ne, domin jam'i adadi ne, bambancin jinsi ne kawai yake ɓacewa a cikinsa. Haka kuma ba daidai ba ne a fassara jinsi na uku na Latin da "mata-maza", kamar yadda akan ji a wasu azuzuwa. Mata-maza yana nufin an haɗa wannan da wancan, alhali kalmar Latin korewa take yi wa duka biyun.

Akwai kuma wani wuri da kalmar ta shiga nahawun Hausa kansa. Newman, a littafinsa na nahawun Hausa na 2000, ya yi amfani da ita wajen kiran wakilin suna da ke zuwa a irin waɗannan jimloli:

(1) Yakan zo ya zauna ya tafi.
(2) Za mu je mu gaishe shi mu dawo.

A ganinsa "ya" na biyu da na uku a jimla ta (1), da "mu" na biyu da na uku a jimla ta (2), ba su da lokaci na kansu, lokacin aikatau na farko suke ɗauka. Schuh bai yarda da raba wannan daga lokacin umarni ba, kuma ba a nan ne za a warware gardamarsu ba. Abin da ya shafe mu shi ne, babu malamin nahawu da zai kira wannan "lokacin ba-ruwanmu", domin wakilin sunan yana da ruwa ƙwarai da abin da ya gabace shi, da shi ma yake rayuwa. "Marar alamar lokaci" ya fi kusa.

4.2.3 Me Bahaushe Yake Nufi da "Ba Ruwana"?

Kafin a yanke hukunci a kan fassarar, ya kamata a dubi abin da furucin yake ɗauke da shi a kunnen Bahaushe. "Ruwa" a nan ba na sha ba ne, yana nufin abin da ya shafi mutum ko alhakin da ke wuyansa. Dubi waɗannan misalai:

(3) Ina ruwanka da maganarmu?
(4) Na gaya maka, in ka faɗi ba ruwana.
(5) Malam Audu ba ruwansa, daga gona sai masallaci.
(6) Ina ruwan biri da gada?

A (3) tsawa ce ga mai shisshigi. A (4) zare hannu ne daga alhaki. A (5) yabo ne ga mutumin da ba ya shiga harkar mutane. A (6) kuwa ana nuna abubuwa biyu da babu abin da ya haɗa su. Idan aka lura da kyau za a ga babu ko ɗaya daga cikin huɗun da ya buƙaci ɓangarori biyu masu jayayya. Duka suna magana ne a kan nisanta da kuma sauke nauyi. To a nan ne fassarar ta fara rabuwa da kalmar da ake fassarawa: ita kalmar Ingilishi tana tsayar da mutum a tsakanin biyu, shi kuwa furucin Hausa fitar da shi yake yi daga zancen gaba ɗaya.

Duk da haka bai kamata a hana wa waɗanda suka fara wannan fassara yabon da ya dace da su ba. Mai fassara labarai a gidan rediyo, irin Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 ko Rediyon Kaduna, ba shi da lokacin dogon bayani. Yana neman kalma gajera, wadda manomi a Tudun Wada zai ji ya gane ba tare da ya tambayi kowa ba. "'Yan ba-ruwanmu" ta cika wannan sharaɗi: Hausa ce tsantsa, tana da daɗin faɗa, tana kuma zama a ƙwaƙwalwa. Matsalar ita ce, nasarar da ta samu ta sa aka mayar da ita maganin kowace cuta.

4.2.4 A Fagen Siyasar Duniya

Wurin da fassarar ta fi dacewa shi ne matsayin ƙasa a lokacin yaƙi. Ƙasar Suwizalan ce misalin da kowa ya sani, wadda manyan ƙasashen Turai suka amince mata da wannan matsayi a 1815. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta shimfiɗa ƙa'idojin irin wannan zama: ƙasar ba za ta shiga yaƙin ba, ba kuma za ta bari mayaƙa su ratsa ta cikinta da dakaru ko makamai ba. A nan in an ce "ƙasa 'yar ba-ruwana" ba a yi nisa da gaskiya ba, ko da yake matsayin yana da wajibai, har da kare iyaka da bindiga. Kuma ba ya tsayuwa sai masu faɗan sun yarda da shi. A da Baljiyam tana da irin wannan matsayi bisa yarjejeniyar 1839, amma hakan bai hana Jamus mamaye ta a 1914 ba. Tarihin Kano ma ya nuna haka. A Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, bayan da Yusufu ya fice ya kafa sansani a Takai, garuruwa da dama sun sami kansu a halin ko dai su bi Sarki Tukur ko su bi Yusufawa, domin babu wata ƙa'ida da ta ba mai gari damar cewa ba ya cikin ko ɗaya.

Amma sunan da ya fi yaɗa wannan furuci shi ne "Ƙungiyar Ƙasashen 'Yan Ba-Ruwanmu", kuma a nan ne fassarar ta fi rauni. Da farko dai, sunan ƙungiyar a Ingilishi ba ya ɗauke da kalmar da muke nazari, yana nufin ƙin jingina ne da ɗaya daga cikin rukunonin soja biyu na Amurka da Tarayyar Sobiyat. An share fagenta a taron Bandung na Indunisiya a 1955, aka kuma kafa ta a Balgirad ta Yugoslabiya a 1961 da ƙasashe 25, bisa jagorancin su Tito da Nehru da Nasir da Nkrumah da Sukarno. Waɗannan mutane ba masu cewa ba ruwansu ba ne. Sun fito fili sun yi adawa da mulkin mallaka da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Nijeriya kanta, tana cikin ƙungiyar, ta amince da gwamnatin MPLA a Angola a 1975 zamanin Janar Murtala Muhammad, ba tare da son Amurka ba. Mai sauraron da ya ji ana kiran waɗannan ƙasashe 'yan ba-ruwanmu, sannan ya ji suna Allah wadai da wata ƙasa, yana da hakkin ya ɗauka baki biyu gare su. Laifin ba nasu ba ne, na fassara ne. "Ƙasashen da ba sa bin kowane ɓangare" ya fi tsawo amma ya fi gaskiya. Sai dai a ra'ayin mai wannan nazari, sunan ya riga ya yi jijiya, tumɓuke shi yanzu zai yi wuya, abin da ya rage shi ne a hana shi yaɗo zuwa wasu wurare.

Ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda aka kafa a Janiba a 1863, ta ba da wani darasi. A cikin ƙa'idoji 7 da ta zartar a 1965 ta raba abubuwa biyu: ƙin shiga ɓangare a rikici, da kuma rashin nuna bambanci wajen ba da taimako. Mai fassarar da ba shi da kalma sai "ba-ruwanmu" zai dunƙule biyun su zama ɗaya, ya kuma siffanta masu kwasar raunana daga fagen fama da kalmar da ake siffanta mai wucewa ya bar su a kwance.

4.2.5 Sarauta, Shari'a da Zaɓe

Wannan shi ne fagen da ya fi shafar mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, don haka za a ɗan tsaya a kansa. Tun bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya mayar da sarakuna masu ba da shawara, ake ta maimaita cewa sarakuna da hakimai da dagatai su zama 'yan ba-ruwanmu a siyasa. Haka ake faɗa wa jami'an tsaro da ma'aikatan zaɓe duk lokacin da aka zo jefa ƙuri'a. Mutanen wannan yanki sun san nauyin maganar. An soke zaɓen ɗan majalisar tarayya na mazaɓar Kiru da Bebeji na 2019 a kotun ɗaukaka ƙara, aka sake shi a Janairun 2020. A 2019 ɗin kuma aka mayar da waɗannan ƙananan hukumomi huɗu ƙarƙashin sabuwar Masarautar Rano, sannan aka soke dokar a 2024. A irin wannan yanayi, tambayar matsayin mai sarauta tsakanin ɓangarori ba ta cikin littafi kawai ba ce.

To me ake so hakimi ko malamin zaɓe ya yi? Ana so ne kada ya karkata. Ba a so ya rufe ido. Malamin zaɓen da ya ga ana dangwala ƙuri'u a gabansa ya ce ba ruwansa ya cika ma'anar furucin Hausa ɗari bisa ɗari, amma ya saɓa wa abin da ake nufi. Haka dagacin da manomi da makiyayi suka zo gabansa a kan ɓarnar gona, irin wadda akan samu a ƙauyukan da ke kewayen dajin Falgore lokacin kaka. In ya ce ba ruwansa, ya bar mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi ke nan, kuma wannan ɗaukar ɓangare ne a fakaice. Aikinsa shi ne ya je gonar, ya ga ɓarnar, ya ji ta bakin kowa, ya kimanta diyya. Wato ya shiga maganar da ƙafa biyu ba tare da ya zama na wani ba.

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan matsayi ba. Akwai "adalci" da aka aro daga Larabci, akwai "rashin son kai" da "rashin nuna bambanci", akwai "mai shiga tsakani" da "mai raba gardama", akwai kuma "tsakani da Allah", wanda yake nuna cewa mai hukuncin yana tuna akwai wanda zai tambaye shi. Idan aka ce sarki uban kowa ne, an faɗi abin da ake nufi fiye da in an ce ɗan ba-ruwanmu ne, domin uba ba ya cewa ba ruwansa da rigimar 'ya'yansa. Bugu da ƙari, tarbiyyar addini da mafi yawan masu sauraro suka tashi a cikinta ba ta ɗauki zare hannu a matsayin abin yabo kai tsaye ba. Aya ta 9 ta Suratul Hujurati ta umarci a sulhunta ɓangarori biyu na muminai in sun yi faɗa, in kuma ɗaya ya yi zalunci a tsaya masa har ya dawo kan hanya. Gaskiya ne tarihi ya nuna wasu sahabbai, irin su Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdullahi ɗan Umar, sun ƙaurace wa fitinar da ta biyo bayan kisan Sayyidina Usman, amma dalilinsu gudun zubar da jinin Musulmi ne, ba rashin damuwa ba.

Kalmar "tsaka-tsaki" da wasu 'yan jarida suka koma amfani da ita ta fi kyau, domin ta dawo da ɓangarori biyun da tushen Latin yake buƙata. Sai dai ita ma tana da nata aibi. A Hausar yau da kullum tsaka-tsaki yana nufin matsakaici, kamar a ce mutum tsaka-tsaki ne a tsawo. Alƙalin da ya ɗauki adalci a matsayin tsaka-tsaki zai iya raba gonar da aka ƙwace gida biyu, ya ba mai ita rabi, ya ba wanda ya ƙwace rabi.

4.2.6 A Bakin Masu Sana'a da a Ɗakin Kimiyya

Abin sha'awa shi ne, masu sana'a, waɗanda ba su karanta ka'idar fassara ba, ba su faɗa wannan rami ba. Direbobin da ke lodi a Kwanar Ɗangora ba sa cewa sun sa mota a giyar ba-ruwanmu. "Firi" suke cewa, wasu su ce "furi", daga wata kalmar Ingilishi dabam mai nufin sakakke. Zaɓin ya yi daidai da abin da ke faruwa a cikin motar: inji yana juyawa amma an raba shi da ƙafafu, motar ba ta gaba ba ta baya da ƙarfin kanta. Kalmar har ta haifi salon magana, domin ana sakin mota a firi a gangare don tsimin mai, kamar yadda wasu suke yi a hanyar da ta bi ta Tudun Wada da Doguwa zuwa Jos. Ɗabi'a ce mai haɗari, saboda injin ba ya taya birki riƙe motar, amma wannan zance ne na jami'an kiyaye haɗura, ba na fassara ba.

A kimiyyar sinadarai kalmar tana nufin ruwan da ba ya ɓangaren tsami, ba ya kuma ɓangaren kanwa. Ma'aunin pH, wanda Sorensen ɗan ƙasar Danmak ya fito da shi a 1909, ya sa wannan matsayi a lamba 7: abin da ya gaza 7 mai tsami ne, abin da ya haura kuwa ɗan gidan kanwa ne. A nan Hausa tana da gata, domin matan Hausawa sun daɗe da sanin aikin ko da ba su san lambar ba. Mai miyar yakuwa takan jefa 'yar kanwa ko ruwan toka don ta rage tsami, har karin magana ya ce kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Malamin da zai koyar da wannan darasi da Hausa ba ya buƙatar ƙirƙira, "kashe tsami" yana nan a madafa yana jiran sa. Haka malamin gona da zai yi wa masu noman rani da ruwan madatsar Tiga bayanin cewa yawan zuba takin yuriya shekara da shekaru yana sa ƙasa tsami. Abin da ya rage wa masu ƙirƙirar kalmomi shi ne sunan matsayin na 7 kansa. "Lami" ko "salam" ba za su yi ba, domin ɗanɗano suke nufi, kuma ruwan gishiri yana iya zama a kan 7 alhali ba lami ba ne. A nan "tsaka-tsaki" ta zauna daram, tun da ma'aunin yana da tsakiya ta gaskiya.

Saura wayar lantarki. A wayoyin da ake ja wa gida akwai wadda take kawo wuta, da wadda take mayar da ita, da ta uku wadda ake haɗawa da ƙasa don kariya. Ta biyun ce take ɗauke da sunan da muke nazari, kuma masu gyaran wuta aro suka yi, suna cewa "nutural". A tsohon tsarin launi baƙa ce, a sabo kuwa shuɗiya. An ba ta sunan ne saboda an haɗa ta da ƙasa a wajen taransifoma, don haka ƙarfin wutar da ke tsakaninta da ƙasa kusan babu shi in komai yana tafiya daidai. Amma wuta tana bi ta cikinta duk lokacin da aka kunna wani abu a gidan, kuma in ta tsinke a wani wuri, ko mai haɗin ya juya wayoyin, za ta iya ɗaukar ƙarfin da ya kai na 'yar'uwarta, wato wajen bolt 230. Wanda ya koya wa yaron shago ko ɗalibin makarantar koyon sana'a cewa wannan "waya marar wuta" ce, ko "wayar ba-ruwana", ya ba shi izinin kama ta da hannu. In har za a fassara, "wayar mayar da wuta" ita ce ta faɗi aikinta. In kuwa ba haka ba, gara a bar aron masu gyaran yadda yake, a bi shi da bayani, tun da baƙuwar kalma ba ta yi wa yaron alkawarin komai ba, dole ya tambayi maigidansa kafin ya taɓa.